Gwaggo Tabawa da Saniya Marar Tozo

Duk wanda ya taɓa raka Gwaggo Tabawa unguwa ya san ba a sauri da ita idan akwai shanu a hanya. Ko biki za a je ko asibiti, da zarar garke ya ɓullo sai ta ja ta tsaya, ta kare rana da tafin hannu, tana bin bayan kowace saniya da kallo har ta ƙarshe ta wuce. Ba ƙiba take dubawa ba, tozo take dubawa. In sun gama wucewa sai ta yi tsaki ta ce, "Dukansu da tozo," kamar wadda aka yi wa laifi. Makiyayan hanyar Basirka sun saba da ita, har wasu tun daga nesa suke ɗaga sanda su ce mata yau ma babu.

Saboda ƙananan cikinmu da suka tarar da abin a tsakiya, bari in faɗi asalinsa. Gwaggo yayar kakana ce. A Birnin Kudu aka haife ta, aure ne ya kai ta Basirka gidan Malam Idi. A zamaninsu, ranar da za a kai amarya, ƙawaye da 'yan tsofaffi kan raka ta da sassafe wajen duwatsun nan da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙarfe, a yi waƙa, a yi guɗa, a dawo. A jikin dutsen, inda ya yi rumfa, akwai tsofaffin zanen shanu da ba wanda ya san mai su. Kowace amarya a lulluɓe take zuwa, tana kuka ko tana kwaikwayonsa. Gwaggo ta ɗaga mayafi don ta share hanci, sai idonta ya faɗa kan wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, bayanta a miƙe sumul. Nan take kukan ya tsaya. Ta tambayi ina tozon saniyar nan, aka ce ta rufe fuska. Ta sake tambaya. Wata tsohuwa ta ce aljanu ne suka zana, ta yi shiru kada su ji. Gwaggo ta ce, to su aljanun ba su taɓa ganin saniya ba ne? Da ƙyar aka janye ta daga wurin. Malam Idi ya sha ba mu labari cewa bayan abokansa sun gama wahalar sayen baki, maganar farko da amarya ta yi masa ita ce ko ya taɓa ganin saniya ba tozo.

Tun daga ranar abu biyu take son sani: wa ya zana saniyar, kuma don me ya bar tozon. Takan ce ba ta shirya barin duniya ba sai ta ji amsar. Muna dariya, ita kuwa da gaske take.

Shi Malam Idi tun farko ya yanke hukunci. Manomi ne mai shanun huɗa, a wajensa saniyar da ba ta da tozo ba ta cika saniya ba, don ina za a ɗora mata karkiya? Ya ce mai zanen mantawa ya yi, ko kuma yana cikin aiki aka kira shi cin tuwo. Gwaggo ta ce mutumin da ya zauna ya fitar da ƙaho har tsininsa ba zai manta tozo ba. A kan wannan suka yi ta musu har suka aurar da 'ya'ya, suka fara aurar da jikoki.

Da ta ga tambayar mutane ba ta kai ta ko'ina, sai ta koma gwaji. A lissafinta, in ta gano abin da aka yi zanen da shi har ya ƙi gogewa, za ta gane irin mutumin. In jini ne, maharbi ne ko mahauci. In nono ne aka dama da ƙasa, makiyayi ne. In lalle ne, to mace ce, kuma wannan ta fi so. Akwai wani falalen dutse bayan rumbunsu, shi ya zama allonta. Ta gwada jar ƙasa da ƙaro, ta gwada lalle, ta gwada ruwan goro da gawayi. Kowace damina ruwan farko ke wanke mata aikin. Wanda ta dama da kindirmo ko daminar bai gani ba, akuyar maƙwabta ta lashe shi tas, har ta dawo washegari neman ƙari. Wani ɗanta ya kawo mata gwangwanin fenti daga Kano, ta ce ya mayar, su mutanen da a wane kanti suka saya?

Ranar wata Babbar Sallah, ana kwantar da ragon layya sai ga ta da ƙwarya ta kutsa tsakanin maza. Malam Idi ya riƙe wuƙa ya dube ta.

"Matan mutane hanta suke jira, tawa jini take jira."

Da rana ya je ya tsaya kan zanen da ta yi da jinin, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta kare ne ko jaki. Ta ce saniya ce.

"To, Tabawa, magana ta ƙare. Wancan ya kasa tozo, ke kin kasa saniyar gaba ɗaya."

Kwana da kwanaki tuwonsa kusan gaya yake zuwa, miyar 'yar kaɗan a gefe.

Sai kuma tafiyar garin Sara. Wani dillali ya ce ya ga saniya marar tozo a kara ranar kasuwa. Gwaggo, wadda take cewa babur abin hawan masu gaggawar mutuwa ne, ita ce ta hau bayan ɗan acaɓa mako na zagayowa, ta riƙe masa riga har ta yage. Ban ga wannan da idona ba, amma daga bakin ɗan acaɓan da na mai saniyar labarin bai bambanta ba. Ta tarar da saniyar, irin ta Turawan nan ce mai baƙi da fari, ƙahonta bai fi ɗan yatsa ba. Ta zagaye ta, ta shafa bayanta tun daga wuya har gindin wutsiya tana neman tabo, ko yanke tozon aka yi. Mai saniyar ya ɗauka ciniki ya zo, ya shiga yabon nononta. Gwaggo ta tambaye shi uwar saniyar, ta tambaye shi kakarta, ta tambaye shi ko danginsu sun taɓa zama Birnin Kudu. Da mutumin ya gaji ya ce, Hajiya, saye za ki yi ko aurenta za ki nema wa wani? Ta dawo gida da yamma ta ce an rage tozo, gaskiya ne, amma ƙaho bai kai ba. Ba ita ba ce.

Ni kuma da na shiga babbar makaranta sai ta ɗora min aikin. "Angona" take ce min, irin wasan kaka da jika, ta ce ango da ba ya kawo cefane ai ya kawo amsa. Na nema, na kuwa samu wani abu. Da hutu na zauna kusa da ita na yi mata bayani a hankali: masu bincike sun ce shanu marasa tozo sun riga masu tozo zama a ƙasashen nan, masu tozon daga baya aka shigo da su daga gabas. Na ce har cikin Sahara akwai irin zanen a jikin duwatsu, don a da can wurin ciyawa ne da ruwa. Ta bar tsinkar zogalen da take yi. Ta tambayi ina ruwan ya tafi. Ta tambayi su mutanen ina suka nufa da shanunsu, kuma da wane harshe suke kiransu. Na ce ba a tabbatar ba. Sunan mai zanen fa? Na ce shi kam ba wanda ya sani.

"Na aike ka da tambaya ɗaya, ka dawo min da 'ya'yanta. Wannan wane irin ango ne?"

Duk da haka ranar har da ƙwai a abincina. Da Malam Idi ya shigo ta sa na maimaita masa. Ya saurara, ya ce littafi ma mutum ne ya rubuta, shi yana nan kan bakansa: mantuwa ce.

A shekarunta na ƙarshe yanar ido ta rufe mata gani, sai haske da duhu kawai take rarrabewa. Bayan an gama girbi ta kafe sai an kai ta dutsen, kuma da Malam Idi za a je. Ya yi ta kawo uzuri, ta ce ko ya shiga mota ko ta tafi a ƙasa. Muka je. Mai gadin wurin ya buɗe mana, muka riƙe ta har ƙarƙashin rumfar dutsen. Ta ɗaga kai ta daɗe, sannan ta ce ba ta ganin komai, Malam ya nuna mata da baki.

Malam Idi ya tsaya yana waige-waige. Ya tambayi mai gadi a hankali wai ta wane ɓangare zanen yake. Kunnen Gwaggo kuwa bai tsufa ba.

"Malam, ba ka san inda take ba?"

Ya yi gyaran murya ya ce ai zuwa nan na amare ne da ƙawayensu, shi namiji me zai kawo shi.

"Wato tun ina da haƙora kake musu da ni a kan abin da ba ka taɓa gani ba?"

"Ke kika ba ni labari, Tabawa. Na ga kin isa shaida."

Mai gadi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Gwaggo ta laluba sandarta, muka riƙe hannun. Shi kuwa Malam Idi ya matsa kusa da dutsen ya ƙura ido. Can ya fara magana, ba da muryar tsokana ba. Ya ce ta ɗan koɗe amma tana nan. Ya ce a dubi yadda wuyan ya haɗu da baya, ba wurin tozo aka bari ba, haka aka halicce ta. Ya ce wanda ya yi wannan ya san saniyar, ya san yadda take tsayuwa, ya sha bin ta kiwo.

"Ba mantuwa ba ce. Tasa ce, kuma yana son ta."

Gwaggo ta sa muka zaunar da ita. Ta ce ya maimaita, ya maimaita. Ta ce ya ƙara, don mai gadi ya zama shaida. Sannan ta yi hamdala ta ce rabi ya samu, saura sunan mutumin, shi kuma ta lura ba a wannan gidan na duniya za a faɗa mata ba.

Ba ta ga damina ta gaba ba. Ranar da aka kai ta makwancinta, muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, liman ya yi addu'a Allah ya ba ta ikon amsa tambayar kabari. Muka shafa. Malam Idi ya ce amin, sannan ya ce shi masu tambayar yake tausaya wa, don kafin su gama tasu za ta jawo tata. Zauren ya ɗauki dariya, har liman ya rufe baki da gefen rawani. Shi ma ya yi dariyar, sai dai tasa ba ta ƙare da kyau ba, ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tabawa, ya sauƙaƙa mata tambaya, ya haskaka mata makwanci fiye da hasken da idonta ya rasa. Shi da ya san wanda ya tsaya gaban dutsen nan da jar ƙasa a hannu, ya san sunansa da sunan saniyarsa, Allah ya sanar da ita. Ya kuma ba Malam Idi haƙuri, don yanzu ba shi da abokin musu.