Yadda Na Cinye Dambun Naman Yayana

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a Yelwa, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, dole in rage ƙiba. Na dawo gidanmu a Ƙofar Ran na shelanta wa kowa cewa daga yau ba ni ba masa, ba ni ba tuwon dare. Da rana kam abin gwanin sha'awa: ɗan kokwamba, dafaffen ƙwai ɗaya, ruwan ɗumi. Har maƙwabta sai da suka ji labarin ƙoƙarina.

Matsalar daga sha ɗayan dare take farawa. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu har sau uku, duk ya cika shi da jan biro. In na zauna gyara kaina ya ɗau zafi, sai kawai in gan ni a kicin ina lalube, ko fitila ban kunna ba.

Ana cikin haka mahaifiyata ta yi dambun nama cike da wata babbar roba, za ta aika wa yayana da ke aiki a Kudu. Daren farko na ce ɗanɗanawa kawai zan yi. Na ɗebi cokali biyu, na baje saman don kada a gane. Kwana huɗu ina wannan bajewar.

Ranar da za a kai saƙon tasha, mahaifiyata ta buɗe roba ta tarar saura ɗan kaɗan a gindi. Ta ƙwala wa ƙanwata kira.

"Ke! Dambun yayanku kika yi wa wannan ɓarna?"

"Wallahi Inna ban taɓa ba!"

"To wa ya ci? Yayarki da ko tuwo ba ta ci?"

Da na ga idon ƙanwata ya kawo ruwa, kunya ta rufe ni. Na ce, "Inna, ni ce."

Sai ƙanwata ta fashe da dariya har da zama a ƙasa. "Yaya, ashe kokwamban naki da ɗan rakiya yake tafiya!"

Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Da yamma ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kin hana cikinki abinci da rana, kin kuma ƙunshe damuwa ke kaɗai. Dole dare ya ba ki wahala."

Daga ranar ta kafa doka. Bayan magariba mu ci tuwo tare, malmala ɗaya da miyar ganye mai yawa. Karatun dare kuma a tabarmarta zan yi. Ta dafa mana shayin citta ba suga, ina ba ta labarin malamin nan tana taya ni mita. Kafin in gama ƙorafi, kwaɗayin ya wuce.

Ƙibar ta sauka a hankali, jinin ma ya daidaita. Sai daga baya na gane yawancin abin da na riƙa ci ba don yunwa na ci shi ba. Har yau in ƙafata ta nufi kicin cikin dare, nakan tsaya in tambayi kaina: yunwa ce, ko wani ne ya ɓata mini rai? In na biyun ne, sai in sha ruwa in kwanta, da safe in kira Inna in kai mata ƙararsa.