Aikusa da Agogon Manaja

Tun yana yaro ake ce masa Aikusa. In aka aike shi sayen gishiri ya dawo da sukari, sai ya ce, "Ai kusa ne." Ko aurensa, an ce yayar ya je nema, ƙanwar ce ta buɗe ƙofa. Suna nan lafiya lau, har da 'ya'ya.

Kawunsa, mai shara a kamfaninmu na kifi, shi ya roƙa masa aikin kwamfuta. Aikin kuwa kamar don shi aka yi. Na'urar da muke goga kati in mun iso kamfani tana rubuta suna da lokaci. Ƙofar ɗakin sanyi tana rubuta lokacin da aka buɗe ta, amma ba suna. Lokutan ba sa zuwa daidai, don sai mutum ya taka daga nan zuwa can. Aikusa ke haɗa jerin biyu, kowace buɗewa ya ba ta sunan da lokacinsa ya fi kusa da nata.

Wata rana aka bar ƙofar a buɗe, kifi ya ruɓe. Manaja ya ce a fito masa da mai laifi, kora ce. Kwamfuta ta fito da kawu.

"Ɗan nan, ni fa na kawo ka," in ji kawu, da tsintsiya a hannu. "Ni ko kifin ba na ci."

"Kawu, kai ne kusa."

"Uwarka ma kusa take da ni, rubuta ta mana!"

A ranar, kusa bai ishi Aikusa ba. Ya goga katinsa, ya je ya buɗe ƙofar, ya dawo ya duba. A faɗar kwamfuta, ya buɗe ƙofa tun kafin ya iso kamfani. Ashe manaja ne ya tura agogon kati gaba, don ya riƙa kama masu makara.

Aikusa ya cire mintocin da aka ƙara, ya sake haɗawa a gaban manaja. Sunan da ya fito ba zan faɗa ba. Mai shi dai kujerarsa juyawa take yi.

Manaja ya daɗe yana kallon silin.

"Wannan lissafin naka, tabbas ne?"

"Yallaɓai, ai kusa ne."

"To. Na tuna ma, wuta aka ɗauke ranar."

Kawu na nan yana shara. Agogon kuwa ba wanda ya taɓa shi, har yau makara muke yi.