Na Je Dutse a Auna Mini Ƙwaƙwalwa

Daga gida zuwa Kiyawa

Ranar Litinin, ana idar da sallar asuba muka fito, ni da ɗana na fari, wanda ke aikin gwamnati a Dutse. Ni ke faɗa, ƙanwarsa Talatu ke rubutawa, don matan garinmu su huta da tambayata ɗaya bayan ɗaya.

Tuwo ne ya ƙone mini sau biyu a wata guda. Shi ke nan aka ce na fara ruɗewa, a sayar da awakina, a kai ni ɗakin da yaron ya gina mini a unguwar Takur, can Dutse, in zauna ina kallon bango. Na ƙi. Sai ya zo da labarin wasu masu bincike da ke auna ƙwaƙwalwar tsofaffi a wani asibiti. Muka yi alkawari a gaban ƙanena Malam Sule: in takarda ta ce kaina ya gaji, in bi shi, in ta ce lafiya lau, a bar ni a ɗakina.

Babur biyu suka kai mu Kiyawa, shida da rabi a agogon yaron. Mai babur ɗina ya ce, "Iya, ki riƙe ni da kyau." Na ce ya ji da hanya, na gama hawan jaki kafin a haifi babansa.

Kiyawa zuwa Dutse

Bas muka shiga, mu huɗu a kujerar mutum uku. A Shuwarin muka sha cunkoso saboda kasuwa. Gaba kaɗan, a shingen masu duba takardu, direba ya lalube aljihunsa kaf, ya ce ya manto nasa a gida. Rabin awa muna gefen titi. Ban ji wanda ya ce a kai shi a auna masa kai ba.

Takwas da kwata muka sauka. Aka saya mini koko da ƙosai uku, kowanne kamar idon kaza. Daga nan keke ya kai mu ƙofar asibiti.

Ɗakin awo

Likitar 'yar yarinya ce, mai ladabi, amma da jin Hausarta ka san a bariki ta tashi. Ta ba ni abu biyar in riƙe, za ta tambaya daga baya: masallaci, tsintsiya, rogo, ja, fuska. Ta ce yau nawa ga wata? Na ce tara ga watan azumin tsofaffi. Sai da ta duba wayarta kafin ta yarda. Ta miƙo biro in zana agogo. Ban taɓa riƙe biro ba, na zana mata faifai.

Sannan ta nuna ɗan nawa. "Mama, wane ne wannan?"

"Yaron gidanmu ne."

"Yaya sunansa?"

Na kawar da kai. Ta sake tambaya da ƙarfi, kamar kunnena ne ya toshe. Na gyara ɗaurin kallabina. Shi kuwa ya san dalili sarai, amma ya sunkuya yana latsa waya. Ɗakin Takur ya sha fenti, yana jira.

Na ga biro ya motsa. Na ce, "'Yar nan, me kika rubuta?"

"Na rubuta ba ki tuna ba, Mama."

"To goge. Ɗan fari ne. Tun ranar suna wannan suna bai fita bakina ba, ba kuwa zai fara yau don takardarki ba. Annabin da kifi ya haɗiye, sunansa ke gare shi. Ranar Alhamis aka haife shi, ana yankan gero. Akwai tabon wuta a gwiwarsa ta hagu. Fitsarin kwance kuma sai da ya shiga aji uku—"

"Inna, ya isa," in ji shi. Waya ta koma aljihu.

Ta duba katin da ya cike, ta karanta sunan da bakinta, ta rufe fuska da takarda tana dariya. Ta ce kakarta ma ba ta taɓa kiran babanta da suna ba, ita ta ɗauka ba sa shiri ne. Ta auna jinina, ta ce ya hau, ta rubuta magani, ta fara tattara kayanta.

Na ce, "Ba ki tambayi abu biyar ɗinki ba."

Na jero mata su. Ta rubuta lafiya lau, ta sa hannu a takarda.

Komawa gida

Na ƙi kwana a Takur. Na leƙa ɗakin dai. Yana da kyau, wa zai ce ba shi da kyau. Bayan azahar muka kamo hanya, la'asar sakaliya muna ƙofar gida. Malam Sule na zaune a zaure, ya ce ina takarda?

Mutumin naku ya taɓa aljihun dama, ya taɓa na hagu, ya zazzage jaka. A kan teburin likita ya bar ta. Na ƙyale shi ya yi gumi tukuna, sannan na kwance bakin zanena, inda na ƙulle ta tun a asibiti, na miƙa wa Malam Sule.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa 'yar likita. Shi ma yaron na gode masa da kuɗin mota. Awakina na nan, ja ɗin ma ta kusa haihuwa. Ɗakin Takur kuwa na ce ya ajiye shi da kyau, zai yi masa amfani.