Saƙon da Na Kai Tudun Tibet

Ina shekara ta huɗu da buɗe ɗan shagona a unguwar Al Ras ta Dubai maƙwabcina ya ɗora mini saƙo. Shi citta da kanumfari da busassun saiwoyi yake sayarwa, ni kuma ina haɗa wa 'yan Kano kargo. Duk layinmu ɗan China muke ce masa, sai ranar ya gaya mini shi mutumin Tibet ne, iyayensa makiyaya.

"Habibi, na ji za ka China sayen kaya," in ji shi da Larabcinmu na kasuwa. "Ka kai wa mahaifiyata wannan."

"Da nisa?"

"Shwaiya," in ji shi, wato kaɗan.

Ya miƙo mini kwali. Dabino ne a ciki, da rigar sanyi, da tabarau, da hotonsa a bakin ruwa. Ya haɗa mini da takardar kwatance mai rubutunsu, wadda ban san samanta da ƙasanta ba.

Bayan na gama sayayya a Guangzhou na hau jirgi zuwa Chengdu, daga nan na yi kwana biyu a mota muna ta hawa. A rana ta biyu kaina ya fara sarawa. Idan na sunkuya ɗaure takalmi sai in yi ta haki kamar wanda ya yi gudu. Na zaci zazzaɓi ne, direban ya nuna sama da yatsa, ya dafa ƙirjinsa, ya yi dariya, sai na gane tsayin tudun ne. Ni da shi ba mu da kalma ko ɗaya da muka haɗa.

Ciyawa ce iya ganinka, babu bishiya ko guda. Can nesa duwatsu da farin kai. Shanunsu ma sun ɗaure mini kai: ga ƙaho irin na saniya, ga gashi yana jan ƙasa, kuma ba sa kuka, gurnani suke. Sau uku direban yana tsayar da masu babur ya nuna musu takardar. Na farko ya nuna gabas, na biyu ya nuna bayanmu, na uku ya daɗe yana bayani. Daga nan muka bar kwalta.

Wajen azahar muka tsaya gaban wani baƙin tanti na saƙar gashi. Karnuka biyu manya suna fizgar sarƙa. Wata tsohuwa ta fito, kitsonta har ƙugu, ta miƙo hannu biyu, tafukan suna kallon sama. Na ɗauka saƙonta take nema, sai na ɗora mata kwalin. Ta dubi kwalin, ta dube ni. Daga baya na ji cewa haka suke yi wa baƙo maraba.

A ciki murhu na ci da busasshen kashin shanu. Ta zuba mini shayi mai gishiri da man shanu. Na daure na shanye don kada ta ji ba daɗi, ta sake cikawa. Na shanye, ta cika. A kofi na biyar na rufe bakinsa da hannu, wani tsoho da ke zaune a gefe ya tuntsire da dariya. Suka ba ni gari da mai a ƙoƙo, tsohon ya nuna mini yadda ake cuɗawa da yatsa har ya zama kamar dawon fura. Suka kawo busasshen nama, na girgiza kai, don ban san yankansa ba. Ba su ji haushi ba, ta ƙaro mini kindirmo.

Sannan ta buɗe kwalin. Da ta zo kan hoton ta daɗe tana kallo, ta ɗora shi a goshi, hawaye ya zubo mata. Ta yi mini doguwar magana. Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Baba, yana gaishe ki," da Hausa, tunda duk ɗaya ne. Na ɗauke ta hoto a wayata. Da na fita sallah ruwan alwala ya kusa tsinke mini yatsu, tsohon kuma ya shimfiɗa mini buzu ya koma ya tsare karnukan har na idar. Da za mu tafi ta rataya mini farin ƙyalle a wuya, ta ba ni ƙunshin busasshen cuku.

Ina komowa Dubai ko gida ban je ba na wuce shagon maƙwabcina. Na ajiye cukun, na miƙa masa wayar ina murmushi.

Ya duba. Ya faɗaɗa hoton da yatsu.

"Wannan wace ce?"

"Mahaifiyarka mana."

"Ba ita ba ce."

"Ko gwaggonka?"

"Ban taɓa ganinta ba."

Na zauna a kan buhun citta. Na ce masa ta yi kuka fa, da idona na gani. Ya ɗaga kafaɗa. Sati biyu ina jin kunyar wucewa ta ƙofarsa.

Wata safiya ya leƙo shagona. Ya ce ƙanwarsa ta kira daga garinsu: wani tsoho ya zo a kan doki, tafiyar yini biyu, yana cigiya da takardar kwatancen, ya kawo kwalin. Komai na ciki, dabinon ma ba a taɓa ba. Hoton ne kawai babu.

"To me tsohuwar za ta yi da hotonka?" na tambaye shi. "Kuma me ya sa ta kuka?"

"Wataƙila nata ɗan ma ya tafi. Wataƙila ta ɗauka mutuwata ka zo faɗa. Ban sani ba, Alhaji."

"Ni fa na gaya mata lafiyarka ƙalau."

"Da wane yare?"

Wani ɗan Nijar ya shigo da kwalaye shida za su Maraɗi, na tashi na jawo sikeli.