Zoben Ƙafar Tsuntsu da Fuskar Sahabi

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina 'yar firamare a Mungadi, aikina korar tsuntsaye a gonar gero. Da ruwa ya ɗauke sai wasu ƙananan tsuntsaye baƙi daga nesa su cika fadama, ba su taɓa hatsi, sai ƙwari da waƙa. Wata rana na tsinci ɗaya a mace gindin kalgo, da ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa. Ni da rawar kai, har na gama shirya yadda zan yi ɗan kunne da shi.

Bayan isha'i muka kewaye murhun kakarmu Inna Dije, ana gasa gyaɗa. Na nuna mata zoben ina taƙama. Ta jujjuya shi a hasken wuta.

"Wanga tsuntsu shina da mai shi," in ji ta. "Ku matso, ga gatana ta zaka."

Wai tsuntsaye in za su yi doguwar tafiya, kowace uwa takan ɗaura wa ɗanta zare a ƙafa. Wata uwa ta dubi ƙafar ɗanta siririya, tausayi ya kama ta, ta ƙi ɗaurawa. Da girbi ya zagayo 'ya'yan kowa suka dawo, waɗanda suka mutu ma aka kawo zarensu, iyaye suka yi kuka suka haƙura. Ita kuwa duk wanda ta tambaya sai ya ce, "Tsuntsaye da yawa suke, mece ce alamarsa?" Har yau tana bin fadama tana kira.

"Inna, to ya dawo?" na tambaya.

"Ke dai ci gujiyarki, sarkin tambaya. Gatana ta ƙare nan."

Sai da na girma mahaifiyata ta warware mini. Inna tana da ɗa, Sahabi, ƙanen babana. Ranar sunansa wanzami ya zo yi masa tsagen Kabawa, Inna ta ɓoye shi a rumbu, don ɗanta na fari jini ne ya tafi da shi bayan aska. Sahabi ya tashi fuska sumul. Yana saurayi ya bi motar albasa daga Aliero zuwa Kurmi, can Kudu, shiru kake ji. Duk fataken da suka dawo sai ta tare su, su ce, "Inna, Hausawa can ba su ƙirguwa, wane tsage gare shi?" Ta rasu tana cewa ita ta ɓatar da shi.

Bara na iske wasu masu bincike sun kafa raga mai laushi a fadama, suna auna tsuntsayen nan, su sa musu zobe, su sake su. Na tambayi wata a cikinsu ko labarin kowane tsuntsu yana dawowa. Ta yi murmushi, ta ce, "Ina! Hajiya, mafi yawansu ba a sake jin ɗuriyarsu, da zoben da komai."

Na koma gefe na zauna na yi kuka, har suka tsorata. Ashe ko da ta bari an tsaga fuskar Sahabi, ba lallai labarinsa ya zo ba. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana ɗauke da laifin da ba nata ba, ga shi na samo mata amsa, ba ni da inda zan kai ta.