Tokar Shagon Juwairiyya

Mutanen Ƙofar Wambai suna ce masa Ladan Gobara. Bai taɓa kunna ta ba, Allah ya kiyaye, amma duk inda ta tashi a cikin Bauchi, kafin hayaƙi ya gama kwanciya za ka ga dogon mutumin nan mai furfura a gemu ya sauko daga keke napep, da tef ɗin awo a aljihun kaftani. Matarsa ta gaji da wanke masa takalma, don kullum cikin toka suke.

Sana'arsa ita ce wadda 'yan ofis ke kira ajasta. Idan mai inshora ya yi asara, ko gobara ko ambaliya ko hatsarin mota, kamfani ba ya biya da jin labari kawai. Sai an tura wani ya je ya ga ɓarnar da idonsa, ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya ƙone da abin da ya tsira. Rahoton nan kuwa ba ya da wata daraja sai mai lasisi ya sa masa hannu. Kafin mutum ya samu lasisin, sai ya ci jarrabawar masu sana'ar, ya yi aiki a ƙarƙashin wanda ya riga shi, sannan hukuma ta yi masa rajista. Ladan ya yi aikin har ya yi furfura a kansa. Jarrabawar ce bai taɓa zama ba.

Mai lasisin shi ne Oga Bolaji, Bayarabe mai fara'a da ya shigo Bauchi tun yana saurayi, ya buɗe ofis a saman wani bene, daga baya ya yi gida a GRA. Shi ya ɗauki Ladan aiki, shi ya koya masa yadda ake gane wutar da ta faro daga waya da wadda aka taimaka mata da fetur. Da ƙafafun Oga suka fara nauyi sai suka raba aiki: Ladan ya shiga toka, Oga ya zauna a ƙarƙashin fanka ya sa hannu. Ba shekarar da za ta wuce bai yi masa magana ɗaya ba, da Hausarsa ta 'yan kasuwa.

"Ladan, ka je ka rubuta jarrabawa nan mana. Ni ba dutse ba ne, wata rana zan tafi gida."

Ladan ya yi dariya ya ce, "Baɗi in Allah ya kai mu, Oga."

Da farko yana da uzuri na gaske. Mahaifinsa, Malam Salihu, malamin zaure ne, kuma a wurinsa inshora caca ce da ƙaddara. Ranar da ya gane inda ɗansa ke aiki, ya kira shi ya ce, "Tunda awo kake yi, kuma ba ƙarya kake rubutawa ba, ka ci abincinka. Amma kada in ji an rubuta sunan gidan nan a cikin masu wannan harka." Ladan ya ce to. Babu wanda zai ga laifinsa a nan.

Sai dai Malam ya rasu. Aka kuma fito da inshorar takaful, irin wadda malamai da dama suka ce ba su ga aibunta ba. Ladan bai motsa ba. Bana auren 'ya, baɗi rufin ɗaki, wata shekarar kuma hawan jini. In za a faɗi gaskiya, kuma ni ba na ganin amfanin ɓoye ta, kunya ce da son jiki. Ba ya so ya zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa yana cizon biro, kuma yana tsoron ya faɗi a ji labari a unguwa. Wasiyyar Malam ta zame masa inuwa mai daɗin zama, ya shimfiɗa tabarma a ciki.

Yana da ƙanwa guda, Juwairiyya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Mace ce mai zafin nema. Da keken ɗinki ɗaya ta fara a tsakar gida, har ta kama shago a unguwar Ɗan Iya, ta cika shi da kekuna da injin surfani, matan ma'aikata suna kawo mata leshi da shadda. Ladan ne ya dame ta a kan ta yi wa shagon takaful. Ta yi ta nokewa tana tuna masa maganar Baba, shi kuwa ya ce ya ga mutanen da suka kwana da dukiya suka tashi da gawayi, ba zai zuba ido ya ga ta shiga sahunsu ba.

"In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ai ni ne zan zo dubawa," in ji shi.

Ta ce, "Tunda kai ne, Yaya, shi ke nan."

Abin ya faru wata Juma'a da rana. An ɗauke wuta tun safe, wata mai koyon ɗinki ta bar dutsen guga a jone, aka kulle shago. Ana masallaci aka dawo da wutar, shagon ya kama. Kafin a ɓalle ƙofa rufin ya rufta. Ladan ya iso ya tarar da ƙanwarsa zaune a kan dakalin maƙwabta, ba kuka, ta riƙe mayafinta da hannu biyu. Ya yi mata jaje, sannan ya naɗe hannun riga ya shiga. Ya ƙirga kawunan kekunan da suka yi baƙi, ya ga dutsen gugar da wayarsa a narke, ya ɗauki hotuna da wayar hannunsa har batir ya mutu.

A lokacin Oga Bolaji yana kwance a garinsu, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi tun kafin azumi. Ladan ya ci gaba da buɗe ofis yana share tebur, yana cewa sauƙi na nan tafe. A ransa rahoto dai a rubuta, a tura a mota, Oga ya sa hannu ko da na hagu ne.

Washegari da hantsi unguwa ta fito. Haka ake yi a nan, kuma abu ne mai kyau: ba a barin marainiyar Allah ta wayi gari tana kallon tokar dukiyarta. Mai unguwa da kansa ya zo, da liman, da dattawan da suka yi karatu a zauren Malam Salihu. Samari suka zo da shebur da baro. Wani ya yi alkawarin kwanon rufi, wani katako. Wani mai sayen ƙarfe ya ce zai kwashe kawunan kekunan, abin da ya bayar a sayi siminti.

Ladan yana tsaye. A duk taron nan shi kaɗai ya san ƙa'ida ta farko a sana'arsa: ba a taɓa komai sai mai dubawa ya zo. Shi ya sha faɗa wa mutane haka, har ya taɓa yi wa wani Alhaji tsawa a kan ya kau da buhu ɗaya. Liman ya juyo ya ce, "Malam Ladan, ai ka gama naka ko? Mu sa hannu?"

Ya dubi dattawan da suka baro harkokinsu saboda darajar mahaifinsa. Yaya zai ce musu su mayar da shebur, a bar wa ƙanwarsa juji a ƙofa har sai baƙo ya zo daga wani gari? Kuma wane baƙo, alhali ga shi? Ya ce, "Na gama, Allah gafarta Malam. Bismillah." Har shi ma ya kama baro. Kafin la'asar wurin ya yi fes, an yayyafa ruwa, kai ka ce za a yi ɗaurin aure.

Ranar Litinin ya kira Dele, ɗan Oga, don ya ji inda zai aika rahoto. Dele ya ce, "Baba Ladan, ba wanda ya gaya maka? Daddy ba ya iya riƙe cokali ma. Lasisi ya ƙare, ba mu sabunta ba. Da akwai wani mai takarda a ofis, da an ci gaba. Amma babu."

Ladan ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ajiye wayar, ya zauna yana kallon kujerar Oga.

Kamfanin takaful ɗin ya turo tasa ajasta daga Jos, wata Madam Cecilia, mace mai hankali da ta san Ladan a wurin aiki. Ta tsaya a tsakiyar shagon da aka share, ta duba gabas ta duba yamma, ta cire tabarau.

"Oga Ladan, ina kayan?"

Ya miƙa mata waya. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi gaggawa ba. Ta ce ta yarda da shi, wallahi ta yarda, amma ita abin da idonta ya gani za ta sa wa hannu. Hoton da ɗan'uwan mai shago, wanda ba shi da lasisi, ya ɗauka na kekunan da aka riga aka sayar, ba zai tsaya a gaban kamfani ba. "Kai ma ka sani," ta ce a hankali. Ya sani. Da ita ce ta share wuri shi ya zo dubawa, abin da zai faɗa ke nan.

Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta rubuta bango da rufi da abin da wuta ta bar wa alama. Kekuna da injin surfani da kayan mutane kuwa ba su shiga ba. Abin da ya fito bai mayar da Juwairiyya shago ba. Ta sallami masu yi mata aiki, ta bi gida-gida tana ba matan da leshinsu ya ƙone haƙuri, ta koma tsakar gida da keken aro, inda ta faro tun tana da ƙarfin ido.

Yanzu Ladan ba ya zuwa gobara. An rufe ofis, an mai da benen wurin sayar da waya. Yana zama a ƙofar gida, takalmansa fes, matarsa ta huta. Da yamma yakan taka zuwa wurin ƙanwarsa da ɗan lemo a leda. Ya sha shirya maganar a hanya, yadda zai ce mata shi ne ya ce a share, kuma da ya zauna jarrabawar nan da ofis bai mutu ba. Yana shiga sai ta tashi da murna ta shimfiɗa masa darduma, maganar ta maƙale.

Ba ta taɓa zarginsa ba. A wurinta kamfani ne ya cuce ta, kuma duk wanda ya zo jaje sai ta gaya masa yadda Yaya ya shiga wuta-wuta yana ɗaukar hoto har batir ya mutu. Rannan tana fama da zare a allura, ta kasa, ta miƙo masa ya zura mata. Yana zurawa ta yi ajiyar zuciya.

"Ashe Baba ya yi gaskiya, Yaya. Harkar nan ba albarka. Ni abin da nake gode wa Allah a kai, da ba ka taɓa yarda an rubuta sunanka a cikinsu ba."

Ladan ya miƙa mata allurar. Ta dubi fuskarsa, ta ce ko zazzaɓi ne, ya ce a'a, tsufa ne. Ta mayar da ƙafa kan keken, ya zauna yana sauraron ƙararsa har aka kira magariba.