Ranar da Surukina Yat Tarad da Ni Kife

Autata na aure wani ƙauye gaba da Kebbe, ni ina Tambuwal. Haihuwarta ta fari da ta biyu gida tay yi su, ni niy yi mata wankan jego. Ta ukku tah haɗu da damina, mijin yac ce ba ta bin wagga hanya da tsohon ciki, sai dai ni in tahi. In ko ban tahi ba, uwar mijin za ta yi wankan, wadda ruwanta ko ƙuda ba shi kashewa.

Matsalar guda ce. Da damina mota ba ta shiga garinsu, sai kabukabu, ni ko ƙuguna ya riƙe. Ƙahwar dama ba ta ɗaguwa ta tsallake turmi, balle babur.

Nik kai kuka wurin malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, wadda tak koya min riƙon alƙalami da hurhurata. Yarinya ce mai son jarabe-jaraben waya. Tac ce, “Inna, akwai wani motsa jiki na mutanen Indiya, yoga sunanshi, a hankali aka yi. Sai mu haɗa da dannar jijiya.”

Nic ce, “Tausa dai. Kakata ta yi ta da diddige.”

Tac ce a'a, wagga da babban yatsa aka yi, kuma wuri-wuri ne. Ga tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ga wani lungu ƙasan gwiwa. Ki danna, ki ja numfashi, ki miƙe gaɓa sannu. Nic ce ciwo na ƙugu, mi ya kai ni hannu? Tac ce jijiyoyi zumunci garesu. To.

Kullum da hantsi ina tsakar gida bisa tabarma. In zama mage, in zama maciji, awaki na kallona. Gaskiya dai na ji sauƙi, ban hana ta ba. Wanda niƙ ƙi jini shi ne na ƙarshe: ki durƙusa, ki zauna bisa diddige, ki kai goshi ƙasa, hannu guda na dannar ɗan'uwanshi.

Anka bugo waya an haihu, namiji. Surukina zai taho da babur biyu, shi da wani ɗan kabukabu. Ran nan don zumuɗi niw wuce inda malama tac ce in tsaya. Nik kai goshi ƙasa, niƙ ƙara turawa, sai nij ji ƙas. Ƙugu ya kulle. Ba gaba, ba baya, gidan kuma ba kowa, duk suna gona.

Can nij ji sallama daga zaure. Muryar surukina ce. Ni da wanga bawan Allah tun da yaɗ ɗauki ɗiyata ba mu taɓa haɗa ido ba. Gaisuwa daga nesa, shina durƙushe, ina bayan labule, shi ke nan. Yanzu in buɗe baki in ce mishi mi? Taho ka ɗaga uwar matarka, ta zama kwaɗo? Nig gimtse bakina.

Yash shigo, yag gan ni, yak koma da baya da sanɗa, yad durƙusa bakin zaure. Ina jin shi shina ce ma ɗan kabukabun, “Kashe injin, Inna na walaha.”

Ɗan kabukabu yac ce, “Wagga sujada ta yi tsawo hwa.”

“Kai, tsohaffin da ba irinmu ba ne. Jikan taka roƙa ma albarka.”

Ni ko ina nan ina dannar hannu awa zan huda shi, ina jan numfashi, tururuwa na bin wuyana. Dannar ba ta buɗe komi ba. Rana ta hau bayana. Ɗan kabukabu ya ƙosa, yac ce hadari na haɗuwa, in ruwa yas sauka rafi zai cika, shi kam zai juya. Nan nis san kunya za ta ja ma ɗiyata ruwan sanyi.

Nic ce, “Kai, ɗan nan!” da bakina cikin tabarma.

Yay yi awa ba da shi nika ba.

“Da kai nika! Ba salla ba ce. Kira min maƙwabciya.”

Yaz zabura har takalmi na hita. Maƙwabciyata taz zaka da hannu duk gari, tak kama ni ta hammata tas sunkuce. Ƙugu yas sake cewa ƙas, yab buɗe. Ta yi dariya har ta zauna ƙasa.

Surukina na durƙushe, kai sunkuye, ya gaida ni, na amsa. Sai yac ce da 'yar murya, “Dama, Inna, na ga awa yamma anka dosa, niƙ ƙi magana.”

Nic ce, “Ka kyauta. Ɗauko ƙullin kayana.”

Bakin ƙohwa maƙwabciya ta riƙe min kafaɗa. Nid danna ƙasan gwiwa don kar a ce ban bi ƙa'ida ba, niy yi bisimilla, niw wurga ƙahwa. Ta tsallake babur, zane ne kawai yaɗ ɗage. Munka ƙetare rafin kahin ruwa, kuma da la'asar sakaliya ina gindin murhu ina ƙara ma tukunyar wanka icce, uwar mijin na gefe tana cewa ai ya isa haka nan.